Baba Ya Ce Rana

Gumi ne ya tashi Zunilda daga barci ranar Asabar. A Río Grande kuwa, garin da ke can ƙarshen kudancin duniya, a watan Yuli da ke tsakiyar hunturu, wanda ya farka cikin gumi ko zazzaɓi ne ya kama shi ko gidan ne ya kama da wuta. Ta shafa goshinta, lafiya lau. Ta kai hannu kan ƙarfen ɗumi da ke jikin bango, ta fizge da sauri tana yarfe yatsu. A waje ƙanƙara ta daskare a kan motoci, iska na ta kukan nan nata da ba ya ƙarewa, amma cikin ɗakin sai ka ce gidan burodi. Mijinta Anselmo, wanda bai jima da dawowa daga aikin dare ba, ya yi fatali da bargo yana ta juyi.

Ta fito da rigar barci tana masifa tun kafin ta san da wa za ta yi. A kicin ta samu abokin faɗan. Mahaifinta, Don Eulogio, yana tsaye gaban kaldera, tukunyar gas ɗin da ke dafa ruwa ta tura shi cikin bututu zuwa ƙarafan ɗumi na kowane ɗaki. Ya buɗe murfinta, hannunsa na hagu, mai lafiyar, yana kan makunnin da ake murɗawa. Alamomi biyu ne a jiki, hoton rana da hoton ƙanƙara, kuma makunnin na kan rana.

"Baba! Me kake yi a nan?"

"Rana," in ji tsohon.

"Na ga rana, ai ba makauniya ba ce ni. Dafa mu za ka yi da ranmu?"

Ta ture hannunsa, ta murɗa makunnin zuwa ƙanƙara. Tukunyar ta yi gurnani, Zunilda ta ɗauka alamar ta karɓi umarni ce.

In akwai abin da Zunilda ta sani a duniya, to alamomin nan biyu ne. Fiye da shekara goma tana tsaye a kamfanin haɗa esi, na'urar nan mai sanyaya ɗaki ko ɗumama shi, aikinta gwaji: ta danna rana a jikin rimot, na'ura ta huro zafi, ta danna ƙanƙara, ta huro sanyi, ta tura gaba a kawo wata. Rabin garin nan da wannan aikin muke ci. Muna haɗa na'urar sanyaya ɗaki a wurin da babu mahalukin da ya taɓa bukatarta, ana lodawa a kai can arewacin ƙasar inda zafi yake. Ko cikin magagin barci aka tambaye ta, za ta ce rana zafi, ƙanƙara sanyi, ta koma barcinta.

Kaldera ce baƙuwa a wurinta. Bana suka tare a wannan gidan haya, kuma mai gidan, Señor Barría, ya gargaɗe su tun ranar farko cewa kada wanda ya taɓa jikin tukunyar. Ga ɗan akwati nan a bangon falo, shi ke auna zafin gida, ya kunna ta ya kashe ta. Sun bi maganarsa, ba su taɓa ko buɗe murfin ba. Yanzu Zunilda ta je gaban ɗan akwatin ta danna ƙasa har yatsanta ya yi zafi, ta sake masa batir, ta buga shi da tafin hannu. Ko gezau. Ƙarafan ɗumin sai ƙara tururi suke.

"Ya lalata ta," ta faɗa da ƙarfi don ya ji. "Shi ke nan, ya lalata ta."

Don Eulogio mutumin Corrientes ne, ƙasar zafi da kogi. Ƙarfinsa duk ya ƙare a Buenos Aires, yana kula da wani dogon bene na masu hali. Lokacin da Zunilda ke bukatar uba yana can yana goge wa wasu ƙofa, sai Kirsimeti ya zo da alewa da takalman da suka yi mata kaɗan. Abin da ta fi tunawa da shi a ƙuruciya shi ne murɗe kunne, duk lokacin da ta yi gardama a kan abin da ba ta sani ba. Bara ɓarin jikinsa ya shanye, ciwon ya tafi da hannun dama da magana, ya bar masa ƴan kalmomi da ke zuwa su tafi yadda suka ga dama. Wani makon ruwa, wani makon sunan marigayiya matarsa. Ƴan'uwanta maza kowa ya kawo uzuri, ita ta hau jirgi ta ɗauko shi. Tun da ya zo bai bar leƙen taga ba, rana kuwa a nan, a wannan lokaci, sai wajen hantsi take leƙowa, ta ɗan zagaya bakin sama ta koma abinta. Saboda haka da ya kama "rana, rana", Zunilda ba ta yi wahalar fassara ba. Tsoho na kewar gida, ya ga hoton rana a jikin ƙarfe, ya murɗa.

Da a wannan kaɗai abin ya tsaya, da sauƙi. Watannin baya ya ɗora butar ruwan mate, shayin ganyen nan da ake sha a ƙoƙo, a wuta ya manta, har hannun butar ya narke, hayaƙi ya cika gida. A ranar Anselmo ya yanke magana: idan surukinsa ya sake taɓa wani abu mai gas, gidan kula da tsofaffi zai koma. Bai tsaya nan ba, ya je ya ga shugabar gidan, ta ce akwai gado, duk ranar da suka shirya su kawo shi. Zunilda ta yi rantsuwa a lokacin cewa muddin tana numfashi ubanta ba zai kwana a hannun baƙi ba.

Ta kira Señor Barría. Yana can garin Ushuaia da iyalinsa, don hutun bikin ƴancin kai ya haɗe da ƙarshen mako, tana jin hayaniyar cokula a bayansa.

"Doña Zunilda, ba kin ce zafi ne ya yi yawa ba? To ki gode wa Allah mana, wasu sanyi ke kashe su. Ki buɗe taga, kowa a garin nan haka yake yi."

"Señor Barría, man shanu ya narke a kan tebur. Ƙafafun babana sun kumbura. Ka turo mai gyara."

"Mai gyara a ranar hutu? Ko uwarsa ce ta kira shi ba zai ɗauka ba. Sai Talata. Abu ɗaya dai, kada ku kuskura ku zare wayar wutarta. Bututun bayan gida zai daskare ya fashe, sannan ku ga abin da ake kira matsala. Wa ya taɓa ta ma?"

"Babu kowa," in ji Zunilda, ta kashe wayar.

Ta buɗe tagogi. Iskar Río Grande kuwa ba a gayyatar ta rabi. Ta shigo ta ɗaga labule har rufi, ta maka ƙofar banɗaki, ta kakkaɓo hoton Maryamu ta Itatí daga kan firji. Fuska na daskarewa, baya na gumi. Ƙarar ƙofar ce ta fito da Anselmo da gajeren wando, idanu jajur. Ya ɗauko sifana ya kama famfon da ke gindin ƙarfen falo, sai ya tarar an shafe shi da fenti ya kai hawa biyar. Ya matsa, ruwa baƙi ya fara ɗiga a kan tabarma, ya ja baya yana zagin wanda ya gina gidan.

"Haka kawai ta haukace?" ya tambaya.

"Haka kawai."

Ya dube ta, ya dubi tsohon da ke zaune da ƙoƙon mate a hannu. Sannan ya koma ɗaki.

Da yamma ta fita shanya ta dawo, ta sake kama tsohon a gaban kaldera, makunni a kan rana. Wannan karon ba ta ɗaga murya ba saboda Anselmo, ta dai matse haƙora ta yi magana a kunnensa.

"Baba, ka san abin da kake ja mana? In mutumin nan ya gan ka, ka tafi ke nan. Ni nake tare maka, ni kaɗai. Ina ƴaƴanka maza da kake alfahari da su? Ka zauna wuri ɗaya, don Allah, ka bar ni da abin da ya dame ni."

Tsohon ya nuna ƙarfen ɗumi, ya nuna makunni, ya ɗaga tafin hannu yana yi mata alamar ta dakata. Bakinsa ya karkace yana neman wata kalma, jijiyar wuyansa ta tashi.

"Rana," ya ce.

"Rana tana Corrientes!"

Ta mayar da makunnin kan ƙanƙara, tukunyar ta sake gurnani. Ta ɗauko faffaɗan salatif ɗin da suke rufe kwali da shi a kamfani, ta naɗe makunnin ta naɗe murfin, kamar kayan da za a aika wata ƙasa.

Ranar Lahadi ta dafa locro, don bikin ƴanci ba ya yiwuwa ba faten masara da wake da nama, ko da kuwa a cikin tanda ake zaune. Babu wanda ya ci na kirki. Anselmo bai samu barci ba, yana cin abinci ba riga, tawul a wuya. Zunilda ta tashi ɗauko burodi, ta juyo, sai ga tsohon ya ja ƙafa har gaban tukunyar yana ɓamɓare salatif da farce, a kan idon Anselmo.

Ba ta san lokacin da hannunta ya tashi ba. Ta doke bayan hannun ubanta, dukan da ake yi wa yaro a bakin murhu, har ƙarar ta fi ta iska. Hannun nan guda ɗaya da ya rage masa. Don Eulogio ya dubi hannun, ya dube ta, ya saukar da shi a hankali.

"To," in ji Anselmo, ya ajiye cokali. "Haka kawai ta haukace, ko? Zuni, ni kika mayar sakarai? Tun jiya kin sani."

"Ka yi min shiru."

"Ba zan yi ba. Gas ne fa, ba rediyo ba. Ina can wurin aiki, ke kina barci, ya murɗa abin da ba a murɗawa, a kwashe ku a buhu. Sannan a ce ina mijin yake? Mun yi magana ko ba mu yi ba?"

Zafi, rashin barci, kunyar abin da hannunta ya yi, duk suka taru a kanta, kuma maimakon ta huce a kan Anselmo sai ta juya kan wanda ba zai iya ramawa ba.

"Ka ji ko? Ka ji abin da ka jawo? Na roƙe ka, na lallashe ka, na ɗaure abin nan, ka ƙi. Kai ba ka taɓa zama inda aka ce ka zauna ba, tun muna yara. To na gaji. Anselmo, gobe ka kai shi. Ni na ce ka kai shi."

Tsohon bai ce rana ba. Ya dafa bango ya shige ɗakinsa.

Safiyar Litinin shi ya shirya kansa. Ya sa rigarsa ta zuwa coci, maɓallai a karkace, ya ɗora hularsa, ya zauna bakin gado da ɗan akwatinsa. Zunilda ta ce ba za ta raka su ba, wai kanta na ciwo. Ƙarya ne, fushi ne bai sake ta ba, kuma tana tsoron idan ta ga ƙofar wurin za ta karaya. Ta shige ɗaki tana ninke kayan da ta riga ta ninke. Ta ji Anselmo ya fita tayar da mota, ta ji jan ƙafar tsohon ya bi ta kicin ya ɗan jima, sannan ƙofar waje ta rufe.

Da ta fito, salatif ɗin na reto a yanke. Ƴar wuƙarsa ta ɓare lemo na kan tebur kusa da ƙoƙon mate ɗinsa, makunni kuwa na kan rana.

Zunilda ta yi ihu a gidan da babu kowa.

"Har da na sallama? To ya ƙone! Gidan ya kama da wuta, kowa ya huta! Wallahi ba zan sake taɓa shi ba!"

Ta zauna a kujerarsa ta kifa kai a tebur, ta yi kukan haushi mai isarta. Ta zagi ƴan'uwanta ɗaya bayan ɗaya, ta zagi Barría da cokulansa, ta zagi garin da iskarsa. Ta daɗe a haka. Abin da ya ɗago da ita wani ɗan sauti ne daga bututu, ƙas, ƙas, irin na ƙarfen mota bayan an kashe inji. Sai ta lura kicin ɗin ya yi tsit, gurnanin nan babu shi. Sai kuma ta lura ta rungume hannuwanta, tsigar jikinta ta tashi.

Ta miƙe ta rufe tagar. Ta ɗora yatsa ɗaya a kan ƙarfen ɗumi, sannan tafin hannu gaba ɗaya. Ɗumi-ɗumi ne kawai, kamar kofin shayin da aka manta. Ta bi falo, ta bi ɗakuna, duk haka. Ta dawo ta buɗe famfon ruwan zafi, tukunyar ta tashi, ruwa ya zo da tururi. Ta rufe, tukunyar ta yi shiru.

Ta ɗauko tabarau ta goge maiƙon da ke jikin murfin da bakin rigarta. Kusa da hoton rana akwai wani ɗan mitsitsin hoton famfo, shi kaɗai. Kusa da ƙanƙara akwai famfo, akwai kuma ƙarfen ɗumi. Esi yana gaya maka abin da zai huro maka ne. Ita kaldera tambaya take wane lokaci ake ciki a waje. In lokacin rana ne, ta ba ka ruwan wanka ta bar ɗakuna su huta. In lokacin ƙanƙara ne, ta hura wuta. Ɗan akwatin bango ne ya mutu da kansa, mutumin da ya yi rabin rayuwarsa yana kula da tukunyar bene guda ya ji zafi ya taso ya kashe, ita kuma ƙwararriya tana bin bayansa tana kunnawa. Ƙarfe ba ya hucewa nan take, shi ya sa yake ɗaga mata hannu ta dakata, ita kuwa ba ta taɓa ba shi ko minti biyar ba.

Tana tsaye a wurin Anselmo ya shigo yana kakkaɓe takalmi.

"An karɓe shi, wurin ba laifi, har da... Kai, an gyara ne?"

"Taɓa ƙarfen."

Ya taɓa. Ta nuna masa makunnin. Ya daɗe yana kallo, ya sosa ƙeya.

"To ai ke ce kika ce..."

"Na san abin da na ce! Kai da kake namiji mai sifana, me ya hana ka duba? Kana ta Allah-Allah a fitar da shi, an ba ka dalili ka cafke."

"Ni na doke masa hannu?"

Ta fizgi makullin motar daga hannunsa, ta ɗauki ƙoƙon mate ɗin daga tebur, ta fita ko rigar sanyi ba ta zuge ba.

A zauren gidan tsofaffin ta samu mahaifinta. An kunna talabijin ana nuna faretin bikin, tsofaffi na gyangyaɗi a jere, an manna wa kowa ɗan kyalle mai launin tuta a ƙirji. Shi yana can gefe, hula a kai, akwati a kan cinya. Wata ma'aikaciya ta tare ta da fara'a.

"Ke ce ƴar? Tun da aka kawo shi ya ƙi sakin akwatin nan, ya ƙi shiga ɗaki. Ko za ki lallashe shi?"

"Ba zama zai yi ba. Gida za mu."

Ta durƙusa a gabansa, a gaban kowa.

"Baba, na gani. Rana ce. Ta mutu, gidan ya huce. Kai ne da gaskiya tun farko, ni ce ban duba ba. Ka yafe min. Tashi mu tafi, ga mota a waje."

Don Eulogio ya dube ta, kallon da ta sani tun tana ƴar firamare. Ya ɗaga hannun hagu, shatin yatsunta na nan a bayansa, don fatar tsoho ba ta ɓoye duka. Ta ɗauka kanta zai shafa, har ta sunkuyar. Sai ya kama kunnenta ya murɗa, murɗawa ta gaske, har ta ce wayyo. Bakinsa ya yi ta kokawa, kalmar ta fito gutsure-gutsure, sabuwa, wadda bai taɓa faɗa ba tun da ya kwanta ciwo.

"Da... ƙi... ƙiya."

"Kai, Don Eulogio!" in ji ma'aikaciyar tana dariya. "Ashe akwai magana a bakin nan."

Zunilda ma ta yi dariya, hawaye na zuba, ta miƙa hannu za ta karɓi akwatin. Ya janye shi. Ya ɗaga shi da ƙyar ya miƙa wa ma'aikaciyar, ya nuna hanyar ɗakuna da haɓa. Sannan ya zare ƙoƙon mate ɗinsa daga hannun ƴarsa, ya dafa kujera ya miƙe.

"Baba, gida fa na ce. Baba!"

Ya bi bayan matar yana jan ƙafar dama a kan tayil, ƙoƙon a manne da ƙirji. Zunilda na durƙushe a inda ya bar ta, riƙe da kunne, tana kiransa, har suka kai ƙarshen barandar suka karya kwana. Bai waiwayo ba.